Wa zai zauna a ƙauye in an gama girbi?

Watan jiya na je gida duba wata gwaggonmu da ta daɗe tana jinya, ina can Allah ya karɓi abarsa, kuma abin da na gani wajen jana'izar nan shi ya hana ni sakat har na zauna nake wannan rubutun. Garinmu ƙaramin gari ne a fadamar Haɗeja, can ta ɓangaren da in ka miƙe za ka ɓulle Guri, ba zan kama suna ba kar a ce na tona asirin gida. Da asuba aka yi rasuwar, amma wallahi har hantsi ya dubi ludayi ba a gama haƙa kabari ba saboda babu masu haƙar. Dattawa huɗu ne suke karɓa-karɓa da diga, sai wasu yara biyu 'yan sakandare da ko shebur ba su iya riƙewa ba, sai ni da na zo daga Kano da hannuna na biro, minti goma ban yi ba tafina ya yi bororo. Ina yaro a garin nan in aka yi rasuwa samari har rige-rige suke, kafin a gama wanka sun dawo suna karkaɗe ƙafa.

Da muka dawo zaure na ce wa baffana, Baffa wai ina mutanen garin nan suke ne? Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce, "Ɗan nan, kai ma da kake tambaya ina kake? Mu ai gadin gari muke yi muku kafin damina." Sai ya fara lissafa min su gida-gida, wane yana Legas yana dako a Mile 12, wane yana Fatakwal yana gadi, 'ya'yan wane uku duk suna Abuja ɗaya ga-ruwa biyu yankan farce, wane ya tafi haƙar zinare shekara biyu ko waya babu. Mutumin da ya fi kowa ciniki a garin yanzu ba mai shayi ba ne ba mahauci ba ne, yaron nan ne mai POS da ke zaune a gindin darbejiya da 'yar lemarsa, kullum da yamma za ka ga ƙananan yara a layi an aiko su daga cikin gida su ciro dubu biyu dubu uku da aka turo daga kudu.

To ni abin da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne, duk lokacin da aka tashi maganar raya karkara, a rediyo ne ko a Facebook ko a bakin ɗan siyasa, magana ɗaya ce, an raba taki, an raba buhun shinkafa, an gina aji biyu an yi musu fenti. Ba na raina ko ɗaya. Amma taki bai taɓa riƙe saurayi a ƙauye ba. Abin da ke riƙe shi shi ne ya san in an gama girbi yana da abin yi har ruwa ya sake sauka, wata bakwai ko takwas kenan fa, kuma mu a fadama wannan abin yin ruwa ne yake kawo shi. Ruwan kuwa yanzu ba hannunmu yake ba.

Wanda bai tashi a fadama ba zai yi mamaki in na ce a da ambaliya ita ce albashinmu. Ruwa yakan iso wajen Agusta zuwa Satumba, ya malale ko'ina ya kwanta, ya kawo laka mai ƙarfi ya kawo kifi, in kaka ta yi ya fara ja da baya a hankali. Shekara a rabe take tsaf ba tare da wani ya rubuta ba. Da damina gero da dawa a kan tudu, shinkafa a fadama. Ruwa yana janyewa a bi danshinsa a shuka wake. Masunta su shiga tafkunan da ya bari da gora da koma, tarwaɗa, karfasa, gaiwa, a yi banda a cika kwali a kai kasuwar Haɗeja, daga nan har kudu. Masu lambu su kafa jigo a bakin kogi. Can rani ya tsaga Fulani su gangaro da shanu su ci ciyawar da ta fito, su bar wa mai gona kashin shanu, har roƙonsu ake su yi mashekari a gonar mutum a ba su damin gero. Mata kuma kaba ce, tabarma, faifai, igiya, ga goriba ga kanwa. Ƙasa ɗaya amma mutum uku mutum huɗu ke cin abinci a kanta a shekara, kowa da lokacinsa, kuma in gero ya ƙi shinkafa ta yi, in duk sun ƙi akwai kifi. Shi ya sa kakana har ya rasu bai taɓa zuwa ci-rani ba, Kano ma sau biyu ya je, ɗaya rakiyar alhazai ce.

Sai aka yi farin nan na farkon shekarun 1970, hankalin gwamnati ya tashi, kuma da gaskiyarta. A 1974 aka kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano zamanin Audu Baƙo, a 1992 aka ƙara na Challawa a wajen Ƙaraye. Waɗannan kogunan biyu su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya bi ta Ringim ya iso mana, ya rarrabu a fadama, can wajen Gashuwa ya haɗu da ruwan Jama'are su zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijar ta wajen Difa ya faɗa tafkin Chadi. Wato duk wanda ya riƙe makullin Tiga da Challawa ya riƙe tukunyar mutanen Jigawa da Yobe da wani yanki na Borno har da na Nijar.

Kar a ce na yi son kai, dam ɗin nan sun yi rana. Birnin Kano da ruwansu yake sha, ni kaina da shi nake alwala. Je ka Kura, Bunkure, Garun Malam, Kadawa da rani ka ga tumatir da albasa da shinkafa da alkama, ka ga yadda mutane suka yi gidan siminti suka je Makka da kuɗin noman rani, mu ma nan kusa akwai aikin ban ruwa na Auyo da mutane da yawa suke ci a ciki. Ba wanda zai ce a rushe su sai mahaukaci. Abin da ba a faɗa shi ne wa ya biya kuɗin wannan arzikin. Tun a shekarun 1990 masana tattalin arziki da suka yi aiki a fadamar Haɗeja da Nguru sun zauna sun lissafa, suka ga in aka haɗa noma da su da itacen da mutanen fadama ke samu, amfanin da ruwa ke bayarwa a can ƙasa ya fi wanda irin wannan ruwan ke bayarwa a manyan gonakin ban ruwa na sama nesa ba kusa ba. Amma kifin da aka ci a gida da kabar da tsohuwa ta saƙa ba sa shiga takardar gwamnati, kuma ba a yanka musu zare a gaban kyamara.

Abin da dam ya yi mana shi ne ya rikita wa kogi lokaci. Babban ruwan da yake zuwa da ƙarfi sau ɗaya a shekara ya wanke hanya ya ragu, sai aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina. Ruwa marar ƙarfi ba ya kwashe yashi, sai ya zube shi a hanya. Wurin da a da yake bushewa ƙaƙas da rani yanzu kullum da ruwa iya gwiwa. Wannan kuwa shi ne aljannar kacala.

Kai jama'a, kacala! Wanda bai gan ta ba zai ɗauka ciyawa ce kawai. Ta fi mutum tsawo, in ka shiga cikinta da kwale-kwale ba ka ganin gabas ba ka ganin yamma, saiwarta a ƙasa a sarƙe take kamar tabarma, ka sare ta yau ka dawo bayan 'yan makonni ka tarar ta tofo kamar ba a taɓa ta ba, ka sa mata wuta ta ƙara kyau. Dabara ɗaya da mutanenmu suka gano ita ce a yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, to ka yi tunanin mutum a cikin ruwa iya ƙirji da lauje tun safe, ga matsattsaku ga maciji ga tsargiya. Gonar shinkafar mahaifina da muka yi wa gayya ina aji biyar a firamare, ranar har da kalangu da fura a manyan ƙore, yau in na nuna maka wurin za ka rantse tun da aka halicci duniya ba a taɓa noma shi ba. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan da ya kamata ya wuce sai ya karkata ya bi ta reshen kogin da ake kira Marma ya cika wajen Nguru ya cinye gonaki da hanya, su kuma na Gashuwa da ƙasa da nan suna kukan ruwan Haɗeja ba ya isowa. Wani ruwa ya yi masa yawa wani yana nema, a kogi ɗaya.

Kuma ba ta zo ita kaɗai ba, ta zo da baƙinta. Tsuntsun jan-baki a cikinta yake kwana yake ƙyanƙyasa, in suka taso da sassafe kamar hadari, su sauka a gonar shinkafa ko gero kafin ka ce kwabo sun bar maka kara. Lokacin da shinkafa ta fara nuna babu yaron da ke zuwa makaranta a garinmu, duk suna gona tun duku-duku da gwangwani da majaujawa suna ihu har muryarsu ta dushe. Sai wani ya zauna a ofis a birni ya ce mutanen ƙauye ba sa son boko. Malam, ka bar buhu goma na shinkafa ga tsuntsu ka tura ɗanka ya koyi A B C mu gani. Sauro kuwa ba a magana, zazzaɓin cizon sauro da a da ciwon damina ne yanzu shekara yake zagayowa.

Sannan in damina ta yi ƙarfi, ruwan da aka riƙe dole ya fita, hanyarsa kuma a toshe, sai ya bi ta cikin gidaje. Kowa ya ga abin da ya faru a 2022, mutum sama da 600 suka rasu a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ji a jika, Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa, ko'ina ruwa. Na ga samarin Haɗeja da idona suna cika buhu da ƙasa dare da rana suna ɗaga jinga don kar ruwa ya shigo gari, wallahi abin ya burge ni kuma ya ba ni takaici lokaci guda, don ƙarfin da ya hana gari nutsewa a sati biyu shi ne ƙarfin da ake bari ya tafi Legas tura baro wata takwas. Ambaliyar da kakanninmu ke yi wa murna ita muke gudu yanzu zuwa ajin firamare da tabarma a ka.

Ba wai ba a taɓa zama a kan maganar ba. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are tana nan tun 1976, a 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, sun kafa asusu na musamman don kula da shi, an gyara magudanan Kadawa da na Auyo da kuɗin Bankin Duniya, an sayo injinan yashe kogi. Turawa ma sun san da zaman wurin saboda tsuntsayensu da ke tsallako sahara su yi hunturu a Dagona da Baturiya, har an sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin duniya da ake karewa tun 2000. Duk na yarda. Tambayata ɗaya ce, ranar da ake yanke shawarar yaushe za a buɗe ruwa da nawa za a saki, akwai sarkin ruwa ko ɗaya a ɗakin? Akwai bulama? Akwai arɗo? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin nan sai dai ya wayi gari ya ga ruwa a gonar albasarsa a watan Fabrairu, ko ya wayi gari ya ga kogi ya ƙafe alkama tana tsakiyar fitar da kai.

To a ce mutum ya jure duk wannan ya ce shi ba inda za shi, zai yi noman rani da inji. Ɗan kawuna haka ya yi, yaro ne mai zuciya, ya haƙa 'yar rijiyarsa a gona ya sayi injin ban ruwa da tiyo. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu, a ƙauye kuma da galan ake saye a hannun 'yan bumburutu, ka san ba farashin gidan mai ba ne. Shinkafar rani kuwa ba ta san an cire tallafi ba, ruwanta take so. Wasu suka juya injinsu ya koma gas ɗin girki, masu hali suka sa sola, marasa hali suka je wajen ɗan kasuwa suka karɓi bashin ba-da-kaka, a ba ka kuɗin taki da mai yanzu ka biya da buhu ranar girbi a farashin da shi ya yanka. Ranar da ake casa motarsa tana bakin gona. Kai ka sha rana ka sha sauro ka kori tsuntsu, shi ya kwashe ya kai sito ya jira wata huɗu ya ninka kuɗinsa. In shekara ta ƙi, gona ta tafi jingina, daga jingina kuma sai labari.

Ga kuma gwamnati da ba a san inda ta dosa ba. A 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi aka ce kowa ya koma gona, a 2019 aka rufe boda shinkafar gida ta yi daraja, mutane suka zuba duk abin da suka mallaka a fadama. A 2024 da yunwa ta yi yawa aka buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji na wani lokaci, farashi ya karye, na birni ya ji daɗi, ni ma na ji daɗi don ina sayen abinci, amma taki da maganin feshi ba su sauko ba. Manomi ya sayar da buhu biyu uku kafin ya sayi taki ɗaya. Noma fa ba shayi ba ne da za ka dafa yanzu ka sayar yanzu, mutum yana yanke shawara yau ne a kan farashin da zai tarar bayan wata biyar, in ba ya iya hasashen inda gwamnati za ta kwana gobe to caca yake yi. Takin gwamnati kuwa da ake ta shela, shekarar da ya taɓa isowa garinmu mutum shida aka haɗa a buhu ɗaya aka raba da kwano, gero ya riga ya yi bununi.

Maganar makiyaya ma daga nan ta samo asali, ko da yake mutane sun fi son su ce ai halin Fulani ne ko halin manoma ne. Duk kaka sai ka ji an yi rikici a wajen Guri ko Kiri Kasamma, an ƙone gidaje an rasa rai. Da can manomi yana kwashe amfaninsa ya bar fili, yanzu da inji gona ba ta hutawa, ana cire shinkafa ana dasa albasa, bakin kogin da shanu ke sauka su sha ruwa an mai da shi lambu, burtalin da doka ta ware tun zamanin jihar Arewa an noma shi taki ɗaya taki ɗaya har ya zama hanyar ƙafa, sauran makiyayar kuma kacala ta cinye. Saniya ba ta tashi sama. Ban wanke wanda ya saki shanu a gonar mutane da dare ba, wannan zalunci ne kuma a hukunta shi, amma wanda ya sayar da burtali ya sa hannu a takarda shi ma a nemo shi, galibi yana nan cikin gari da babbar riga.

Mu ma fa muna da namu laifin, kar mu yi ta nuna yatsa sama. Itatuwan da na sani a gonakin tudu, gawo, ɗorawa, kanya, tsamiya, saura ƙalilan, an sare an yi gawayi an loda a mota an kawo mana birni, ni da nake wannan surutun akwai buhun gawayi a kicin ɗina tun da gas ya yi tsada. Tsallaka boda ta Maigatari ka shiga ƙasar Damagaram ko ka je Maraɗi ka ga abin kunya. Su da suka fi mu ƙarancin ruwan sama gonakinsu cike da itace, saboda tun shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato in kana sassabe ka ga tsiro ya fito daga tsohon kututture kar ka sare shi duka, ka zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi ka gyara su ka bar su su girma. Ba a sayo iri ba ba a yi ban ruwa ba. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 suka dawo ta wannan hanyar. Kuma abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba wani ma'aikacin daji da zai zo ya ci shi tara don ya sare reshe a gonarsa. Gawo kuwa kowane manomi ya san shi, da damina yake zubar da ganye ya ba gero rana da taki, da rani ya yi ganye ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Mu nan sai a jira ranar dashen itace a kawo kwamishina ya dasa ɗaya a zuba masa ruwan gora, bayan sati akuya ta gama da shi.

Akwai wani abokina ɗan boko da muke yawan musu da shi, shi a ganinsa duk wannan kukan banza ne, ya ce ko'ina a duniya ƙauye raguwa yake birni yana cika, Ingila ma haka ta yi, Chana ma haka, a bar mutane su taho. Na ce masa to su da suka taho masana'anta ce ta karɓe su, mu wa zai karɓe su? Je ka Sharaɗa da Bompai ka ƙirga kamfanonin da ke aiki da waɗanda suka zama sito ko gidan ƙadangaru. Acaɓar da take ɗaukar da yawansu an hana ta a Kano tun 2013, Legas ma ta kore ta daga manyan unguwanni a 2022. Yaron da ya bar gona ba ma'aikaci yake zama ba, kwana yake a tasha ko a kangon da ba a gama ba, ya tara ɗan abin da ya tara ya turo wa mai POS. Can gida kuma matarsa ce da yara biyar da tsohuwa, in naƙuda ta zo da dare a ɗora ta a kan babur ko amalanke a nufi asibitin da ƙila a tarar da shi a kulle. Ban ce kowa ya zauna a ƙauye ba, gonar da kakana ya noma shi kaɗai yau an raba ta gado ta kai kusan kashi ashirin, ba za ta riƙe mu duka ba ko da kogi ya dawo yadda yake. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya tafi don ya ga dama da wanda aka kora da yunwa. Kuma wanda yake birni yana ganin abin bai shafe shi ba, ya tuna buhun da ke Dawanau ba a Dawanau ya tsiro ba.

Ni da za a tambaye ni, kuɗin da ake kashewa wajen bikin raba kayan tallafi a ɗauke shi a biya samarin garuruwan nan da rani su yanke kacala su buɗe hanyoyin ruwa, kowane gari da yankinsa, duk shekara ba sau ɗaya ba, don ita ma duk shekara take fitowa. Inji ya yi manyan hanyoyi, hannu ya yi ƙanana. A fitar da jadawalin sakin ruwa a karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci tun kafin mutane su zuba iri, kuma a riƙa sakin babban ruwa a lokacinsa yadda zai yi kama da na da. A taimaka wa manoma su haɗu su sayi sola su yi sito na gari yadda mutum zai ajiye buhunsa ya karɓi rance a kansa maimakon ya kai wa mai ba-da-kaka. A ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to in da gaske ne kuɗin zai sauko, waɗannan su ne aikin ciyaman, ba sayen babura ga 'yan jagaliya ba. Mu kuma 'yan garin da ke birni, ƙungiyar ci gaban gari da muke da ita a WhatsApp ba ta da aiki sai barka da Juma'a da hoton ɗan takara, shekara uku muna maganar gyara famfo ɗaya.

Daren da zan dawo ɗan kawun nan nawa ya same ni a zaure bayan sallar isha, ya daɗe yana kame-kame kafin ya ce, "Yaya, dama cewa na yi ko za ka taimaka min da kuɗin mota, akwai wani abokina a Legas ya ce ya samo min gadi." Na ce ina injin? Ya ce ya sayar ya biya bashin bara. Na ce in na haɗa maka kuɗin sola fa, ka zauna? Ya yi shiru yana wasa da bakin tabarma, can ya ce, "Yaya, in na sa solar, ka san ranar da za su sako ruwa?"

Da safe na tsaya wajen mai POS na ciro masa kuɗin motar. Mota ɗaya muka shiga har Kano, ya sauka a tasha da 'yar jakarsa ta buhu, ni na wuce gida.